Dangwalen Baba

Shekararta ta huɗu ke nan a gidan, amma har yau Amarya ake kiranta, don ba a kawo wata bayanta ba, kuma ba ta haifi ɗan da za a riƙa ce mata uwarsa ba. To a ina za ta samo shi? 'Yan watanni kaɗan suka yi tare da mijinta, Autan gidan, ya sami aiki a wani kamfanin gine-gine a ƙasar waje, ya tafi ya bar ta amana a hannun iyayensa. Bai daɗe da tafiya ba Baba ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Tun daga ranar amanar ta juya, aka ɗora mata jinyar Baba ba tare da kowa ya buɗe baki ya ce an ɗora mata ba.

Kafinta ne Baba a zamanin ƙarfinsa, gadon da yake kwance a kai ma shi ya haɗa abinsa. Yanzu hannun nan ko cokali ba ya riƙewa. Amarya ce ke juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ita ke zare ledar da ke ƙarƙashinsa, ita ke wanke zannuwa, ita ke goge masa jiki da ruwan ɗumi. Surukin da a ka'ida ko ido ba za ta haɗa da shi ba, yau ita ke ɗaura masa zane. Takan kawar da kai, shi kuma ya runtse ido, har a gama.

Ba wai babu mutane a gidan ba. Akwai Inna, matar Baba, amma ciwon gwiwa ya hana ta sunkuyo, ko da yake bai taɓa hana ta zuwa biki ba. Akwai Yaya, babban ɗa, mai shagon tayoyi, ƙofar ɗakinsa na kallon ta Baba. Shi kuma zuciyarsa ce mai saurin tashi, daga bakin ƙofa yake gaisuwa, ya ce Allah Ya ƙara sauƙi yana riƙe da numfashi. Matarsa kuwa tana da yara, a gidan nan kuma wadda ta haihu ta gama aiki.

Wayar Amarya ta taɓa faɗawa cikin bokitin wanki, tun daga nan ba a jin magana a cikinta sai an buɗe lasifika. Saboda haka in Auta ya kira sai ta zagaya bayan ɗaki wajen igiyar shanya. A can ne, tsakanin jiƙaƙƙun zannuwan Baba, ta ji labarin da ya hana ta zama wuri ɗaya.

"Kamfani ya fara ba masu aure ɗaki," in ji Auta. "Ɗaki da falo, har da wurin girki. Su za su nema miki izinin shiga ƙasa. Abu ɗaya kawai suke so, takardar aure ta hukuma, mai hatimi. Ƙarshen shekara za su rufe karɓa."

"Ai ba mu da ita."

"Shi ya sa na aiko wa Yaya takardar wakilci, zai tsaya a madadina. Ke dai ki je ofishin rajista ki ji abin da ake buƙata."

Ran nan har waƙa aka ji tana yi a bakin famfo. Inna ta leƙo ta dube ta, ta koma ciki.

Ofishin rajistar a saman bene yake, matakalarsa siririya, bangon ya yi baƙi da dattin hannun masu dafawa. A ciki akwai dogon benci, da fanka mai kuka ba iska, da wata ma'aikaciya mai tabarau a bayan tebur wadda ke magana ba tare da ta ɗaga kai ba, don ta faɗi maganar nan har ta gaji da ita.

"An ɗaura a gida, ba a yi rajista ba? To ki zo da mijin, ko wakilinsa. Ki zo da mutum ɗaya daga danginki wanda aka ɗaura a gabansa. Kowa da katin shaidarsa, ku kuma da hotunanku. A zo da safe, mai sa hannu ba ya wuce azahar. Na gaba!"

Amarya ta sauko tana ganin abin kamar ta miƙa hannu ta ɗauka. Hotuna tana da su. Daga danginta akwai Kawu, ƙanen mahaifiyarta, mai gyaran rediyo a can ƙarshen gari, shi ya ba da aurenta. Saura Yaya, wanda kullum take ajiye wa abinci a ƙofar ɗaki.

Ta same shi da yamma yana wanke ƙafa, ta durƙusa.

"Yaya, dama maganar takardar nan ce da ƙanenka ya aiko."

"Af, wannan ai ba wani abu ba ne. Ranar Litinin in Allah Ya kai mu."

Litinin ta zo. Kawu ya rufe shago, ya sa babbar riga, ya iso tun rana ba ta yi zafi ba. Amarya ta gama gyara Baba, ta yi wanka, ta ɗauko mayafin da ta daɗe ba ta yafa ba. Sai ga Yaya ya fito yana lalube aljihu, ya shiga ɗaki, ya fito, ya sake komawa.

"Katin shaidata na nema na rasa. Yaran nan ne, komai suka gani sai sun ɗauka. Kawu, a yi haƙuri, a bari wani makon."

Kawu ya ce ba komai, ya shiga ya gaida Baba, ya koma.

Wani makon katin ya fito, amma motar tayoyi ta iso daga nesa, ba dama a bar ta a hannun yaran shago. Makon da ya biyo baya Yaya ya ce su yi gaba, zai same su a can. Suka zauna a kan bencin nan, ita da Kawu, suna kallon mutane na shigowa bibbiyu suna fita da takarda. Har wasu ango da amarya 'yan bana-bakwai suka zo suna tsokanar juna, aka yi musu aka gama. Mai sa hannu ya ɗauki jakarsa ya fita. Bai fi ƙiftawar ido da saukarsa ba sai ga Yaya yana hawowa yana haki, kai ka ce tsere ya yi.

"Kash! Ya tafi? Wallahi cunkoson hanya ne. To, haka Allah Ya so."

Kawu ya dube shi sama da ƙasa, ya gyara hularsa. Da suka sauko ya ja Amarya gefe.

"'Yata, ruwa ba ya tsami banza. Mutumin nan ba makara yake yi ba, lissafi yake yi."

"Haba Kawu, me zai ƙare shi da shi?"

"Ki tambayi kanki, in kin tafi wa zai ɗauki kwanon wanke tsohon nan?"

Ba wai ba ta taɓa tunanin haka ba ne, sai dai ba ta so a faɗa da baki, don abin da aka faɗa ba ya komawa.

Da ta dawo gida ta tarar Baba ya ɓata shimfiɗa tun safe, ƙudaje sun cika ɗakin, an janyo masa ƙofa kada wari ya fito tsakar gida. Inna na zaune a inuwa tana tsince shinkafa.

"Sai yanzu? Kin bar bawan Allah cikin ƙazanta kin tafi yawon ofis-ofis. Ni dai ban san wannan sabon salo ba. Mu da aka ɗaura mana aure, takarda aka ba mu? Ga shi har jikoki. Aure ai albarka ce, ba hatimi ba."

"Inna, kamfanin ne suka ce sai da ita."

"Kamfani! Kamfani ne ya haifa min shi? Ke da za ki nemi maganin haihuwa, shekara huɗu ko ɓari babu, kin tsaya neman takarda."

Maganar ta soki Amarya har cikin ƙashi. Ta buɗe baki za ta tambayi Inna ko ta waya ake ɗaukar ciki, sai ta haɗiye. Ta tuɓe mayafin, ta ɗora ruwa a wuta. Ranar ta yi kuka sosai, tana dirzar zane tana share hanci da kafaɗa, haushi kamar ya kashe ta.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Hannuwanta suka tsattsage saboda omo da maganin kashe ƙwayoyin cuta, in ta taɓa gishiri sai ta yi tsalle. Bayanta ya riƙe don ɗaga Baba, har sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Yaya ya daina ba da rana, ya koma cewa, "Ina sane." In ya hango ta tafe sai ya kara waya a kunne. Matarsa kuwa sai fara'a ta ƙaru, yau ta kawo wa Amarya man shafawa, gobe ta ce, "Ke ai 'yar aljanna ce, ladan da kike kwasa a ɗakin nan wa ya kai ki?" Amma ko sau ɗaya ba ta ce a raba ladan da ita ba.

Shi ma Auta kiransa ya fara gajarta.

"Ka yi wa Yaya magana mana, shekara na ƙarewa."

"Na yi. Ki bi shi a hankali, kin san babba ne."

"A hankalin nake bi har ga inda muka zo."

"Ki ƙara haƙuri. Ya jikin Baba? Ana kirana, sai anjima."

Haƙuri dai, haƙuri dai. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ba a taɓa faɗin wanda ke kawo masa itace ba.

Da watan ƙarshe ya kama, ta saci jiki ta koma ofishin ita kaɗai. Ta jira layi ya ƙare, sannan ta matsa gaban mai tabarau.

"Don Allah, in wakilin ya ƙi zuwa fa?"

"Sai mijin ya zo da kansa."

"Yana ƙasar waje."

"To sai ya aiko da sunan wani, a buga hatimi a can, a aiko nan, mu tantance. Zai kai wata biyu ko uku." Matar ta ɗaga kai a karon farko, ta ga hannuwan da ke dafe da teburinta. "Tsaya. Ranar ɗaurin auren, wa ya karɓa masa?"

"Mahaifinsa."

"Yana raye?"

"Yana raye, amma a kwance yake, ɓarin jiki."

"Wanda ya karɓi aure ba ya buƙatar takardar wakilci, in ya zo da katinsa ya isa. Amma fa sai ya zo. Mu ba ma zuwa gida."

Amarya ta dubi matakalar nan, ta tuna nauyin Baba, ta yi godiya ta fita. Ko a ranta ba ta saka ba. Da wane baki za ta ce wa tsohon da take wankewa ya tashi ya je ya sa hannu a raba shi da mai wanke shi? A waya ta ba Kawu labari, ta ce masa ta haƙura, a bar zancen.

Kawu bai bar zancen ba. Ya zo duba Baba kamar yadda ya saba, ya zauna a kujerar bakin gado suna hira, Amarya na waje tana shanya. Bakin Baba ya karkace tun ciwon, maganarsa a hankali take fita, sai wanda ya saba ke ganewa. Can sai ta ji ya ɗaga murya.

"Amarya."

Ta shigo ta durƙusa.

"Ashe abin da ake ciki ke nan, ba ki gaya min ba?"

Ta harari Kawu ta ƙasan ido. Kawu ya mai da hankali kan silin kamar yau ya fara ganinsa.

"Baba, ba wani abu ba ne."

"Ni na karɓo ki. Na ce wa mutumin nan mun karɓa da amana." Ya huta, ya haɗiye yawu. "Katina yana cikin akwatin kayan aikina, ƙarƙashin zarto. Ku kai ni."

"Baba, bene ne fa."

"Na hau rufin da ya fi shi."

Ba a sha wahalar fita da shi ba. Da mai tasi ya tsaya a ƙofar gida, Inna ta ɗauka ranar asibiti ce, ta ce a gaida likita. Yaya ya riga ya tafi shago. Dama tun da aka fara kai Baba asibiti babu wanda ya taɓa tambayar ranar komawa, balle ya ce zai raka.

Tun kafin su fita Baba ya sa an ɗauko masa farar rigarsa ta ƙasan akwati. Da Amarya ta kawo masa shayi da safe ya kawar da kai, ko ruwa ya ƙi kurɓa. Sai a hanya ta gane dalili: ba ya son ya ɓata rigar a gaban mutane. Ta juya fuskarta wajen taga.

A gindin benen Kawu ya aro kujerar roba wajen mai gadi. Suka ɗora Baba, Kawu ya kama gefe ɗaya, mai tasi ya kama ɗaya, Amarya na baya ta tallafe masa kai. Matakalar ta matse, ƙafar kujerar na gogar bango, masu saukowa na tsaki suna raɓewa. Mai tasi ya yi nishi.

"Tsoho, ai kai da ganinka ba ka da nauyi, ashe ƙashi ne da kai."

"Na katako ne," in ji Baba.

Suka dire shi a gaban bencin, duk sun jiƙe da gumi. Mai tabarau ta karɓi katuna, ta danna na'ura, ta sake dannawa, ta buga gefenta da tafin hannu.

"Ta tsaya. Sai ku jira."

Suka jira. Fanka na kuka, rana na hawa. Baba ya fara zamewa a kujera, Amarya na gyara shi, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Ta kawo ruwa bakinsa, ya girgiza kai. Duk sanda ƙofar mai sa hannu ta motsa sai ta ga kamar jakarsa ce zai ɗauka. A ranta ta rantse in aka ce su dawo gobe, ba za ta ƙara taka benen nan ba har abada.

Ana gab da azahar na'urar ta farfaɗo. Aka rubuta, aka manna hotuna, Kawu ya sa hannu, Amarya ta sa. Mai tabarau ta turo tawada gaban Baba.

"Babban yatsan dama."

"Daman ce ta mutu," in ji Kawu. "Ba a karɓar hagu?"

"Dama aka rubuta. Wani ya kama masa."

Amarya ta ɗago hannun, sanyi ƙalau, yatsun a nannaɗe. Ta san hannun nan fiye da kowa a duniya, kullum sai ta murza shi da mai. Ta ware babban yatsan a hankali ta taɓa shi da tawada. Kafin ta dangwala, mai tabarau ta dakatar da ita, ta leƙa fuskar tsohon.

"Baba, ka san abin da ake sa ka dangwalawa?"

"Na sani sarai," in ji shi. "Hannuwana da ƙafafuna nake sallama. Dangwala, 'yata."

Ta dangwala, hawayenta na sauka a kan farar rigar. Aka shiga da takardar, aka ji ƙarar hatimi, aka fito da ita. Abin da ta yi watanni tana bi, bai kai tsawon tafasar ruwa ba.

A cikin tasi a hanyar komawa gida ta kasa jira. Baba na jingine da kafaɗar Kawu a baya, ya samu ya sha ruwa. Ta kira Auta, ta manta ma lasifika a buɗe take.

"An samu! Ga ta a hannuna, da hatimi da komai. Yanzu zan ɗauki hotonta in turo maka."

Har ta duba ko wayar ta yanke, sai ga muryarsa.

"Yaya ne ya je?"

"A'a. Kai dai ba an samu ba?"

"Ashe Yaya bai gaya miki ba." Ya yi gyaran murya. "Ai na mayar musu da ɗakin tun wancan watan, sun ba wani. Mun yi shawara da Yaya da Inna, aka ga ba zai yiwu ki taho yanzu ba. Wa zai kula da Baba? Ɗaukar mai jinya kuma, kin san halin mutanen yanzu, ba su da amana. Yaya ya ce kada a gaya miki gaba ɗaya ki tada hankali, a bi ki a hankali."

"Tun wancan watan," in ji ta. Muryarta ta fita kamar ba tata ba.

"Ki fahimce ni. Ba daɗewa za a yi ba. Likita ma ya gaya wa Yaya jikin Baba ba mai nisa ba ne. In Allah Ya yi ikonSa a kansa, sai in sake nema, ki taho hankali kwance. Kina jina? Amarya?"

Mai tasi ya rage gudu ba tare da an ce masa ba. Kawu ya sunkuyar da kai. Amarya ta lalubi wurin kashe wayar, ta kasa samu. Sai Baba ya miƙo hannun hagu, ta ɗauka wayar yake so, ta matso masa da ita.

"Auta."

"Ba... Baba? Kana wurin?"

"Ina nan. Ban tafi ba tukuna. Ka yi haƙuri da jinkirin."

Ya ture wayar.

Labari ya riga su isa, don Auta ya kira Yaya. Suna shigowa da Baba a kan kujera suka tarar da shi a tsakar gida ya baro shago, Inna na tsaye a bayansa riƙe da ƙugu, gwiwa ta warke.

"Wane irin rashin imani ne wannan?" in ji Yaya. "A ɗauki mara lafiya a hau da shi bene saboda takarda? Da ya mutu a hanya fa? Kawu, da girmanka?"

"Ai da an huta da jira," in ji Kawu.

"Mu fa ba mugunta muka yi mata ba," in ji Inna. "Yarinya tana cin abinci, tana da ɗaki, me aka rage ta da shi? Hidimar iyayen miji ai ibada ce."

Amarya ta taya aka kwantar da Baba. Ruwan da ya sha a mota ya riga ya bi ta kan farar rigar. Jikinta da ya saba ya kai ta wajen murhu, ta ɗora ruwa, ta surka, ta ɗauko kwano da tsumma da sabulu, ta shigo.

"Ajiye," in ji Baba.

"Baba, rigarka ta jiƙe."

"Na ce ki ajiye. Je ki haɗa kayanki, ki bi kawunki. Ki riƙe takardarki da kyau, ba kya ƙara roƙon kowa a kanta. Mijinki in yana son matarsa, ya san gidanku."

Ta durƙusa a bakin gadon, kuka ya ƙwace mata. Ba don Auta ba, shi ta gama jin nasa a mota. Tana tunanin gyambon da ya fara fitowa a ƙugun tsohon, wanda ita kaɗai ta san wurinsa.

"Baba, ba su iya ba."

"Ke ma da ba ki iya ba. Tashi."

Ta haɗa kayanta a jaka ɗaya, ta sa takardar a tsakiyar zannuwa. Da ta fito, Yaya na tsaye a inda ya saba tsayawa, a bakin ƙofar Baba, ƙafa ɗaya a waje. Ta tsaya a gabansa, kanta a ƙasa kamar kullum.

"Yaya, ana juya shi safe da rana da yamma, ta hagu ake fara ɗagawa. Akwai ciwo a ƙugunsa, ba a sa masa sabulu. Man yana kan taga. Ruwan kada ya huce."

"Ke, dakata mana a yi magana! Inna, ki ce wani abu. A kira min matata."

"Matarka na da yara," in ji Baba daga kan gado. "Uwarka na da gwiwa. Shigo."

"Baba, ka san zuciyata..."

"Na san ta yau. Ɗauki kwanon nan. Kai na haifa, ba ita ba."

Kawu ya karɓi jakar daga hannun Amarya. Suna kaiwa ƙofar gida Inna ta ƙwala kira, "Amarya! Amarya!" irin kiran da take yi mata kullum in wari ya taso. Ƙafarta ta tsaya da kanta, har ta fara juyawa. Kawu ya riƙe mata ƙofa a buɗe. Daga cikin ɗakin ta ji ƙarar kwano a kan siminti, an ɗauka ba daidai ba, ruwa ya zube.

Ta gyara mayafinta ta fita.